Awon Ciki Ya Wuce Karɓar Kati

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, kun sani ba mai sayen gero a kasuwar Tsafe ya yarda a auna masa da tiyar da bai duba gindinta ba. To, yaya mutum zai aika iyalinsa awon ciki, ta dawo da kati a hannu, ya ce shi ke nan, bai tambayi abin da aka auna ba?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ke rasuwa, kuma Zamfara na cikin jihohin da zuwa awo ya fi ƙaranci. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa daga sau 4 zuwa sau 8, na farko kafin ciki ya wuce wata 3. Amma a wurinmu mai cikin fari kunya takan sa ta ɓoye, sai ciki ya fito fili.

In ta dawo, maigida ya tambaye ta: an ɗaura mata abin awon jini a damtse? An duba fitsarinta? Waɗannan biyu su ne ke tona asirin jijjiga tun ba ta kayar da mace ba. Jini in ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi, to, ba aikin iska ba ne, maza a koma asibiti. Malamin da aka zo wa neman rubutu a irin wannan hali, ya yi addu'arsa, amma kada ya tsayar da su. Sa'an nan a tambayi ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin tsinkau-tsinkau, da maganin zazzaɓin cizon sauro, Fansidar, wanda ake sha bayan wata 3 na farko, sau 3 ko fiye, tsakaninsu wata guda. Wadda aka shafa cikinta kawai aka sallame ta, an yi mata tauye mudu.

A Gusau abin da sauƙi, ga Asibitin Tarayya, ga na Yariman Bakura, ga na mata da yara na Sarki Fahad. Tsafe da Bungudu kowace na da babban asibiti. Wahalar tana ƙauyuka, inda 'yan bindiga suka sa hanya ba ta biyuwa da dare, naƙuda kuwa ba ta jiran gari ya waye. Saboda haka in malamar awo ta ce ɗa ya kwanta a gicciye, ko tagwaye ne, ko jinin uwa ya yi kaɗan, wajibi ne miji ya ware kuɗin mota tun da wuri, ya yi magana da 'yan'uwan da za su ba da jini. In wata ya kama, ya kawo ta gidan dangi cikin gari ta zauna har ta sauka.