FIRKI: Ƙasar Da Ke Kumbura Da Damina, Ta Dare Da Rani

Duk matafiyin da ya tashi daga Maiduguri ya bi ta Dikwa zuwa Gamboru Ngala a cikin watan Maris, zai ga fili a shimfiɗe iyakar ganinsa, ƙasa baƙa, ta dare ta yi tsage-tsage, wata tsagar har hannu yana shiga cikinta. In ya komo ta wannan hanya a watan Agusta ba zai ga tsaga ko ɗaya ba. Ƙasar ta sha ruwa ta kumbura ta haɗe, ta zama taɓo mai danƙo, wanda ke riƙe ƙafar mutum da kofaton dabba da tayar mota. Wannan ita ce ƙasar da mutanen Borno ke kira firki, watau baƙar laka mai kumburi.

Ba Borno kaɗai ke da ita ba. A Nijeriya ana samunta a kwarin Gongola da na Binuwai, musamman wajen Numan, inda ake noman rake a kanta. Fulanin arewacin Kamaru suna kiranta karal. Akwai ta a Chadi, da filayen gabashin Ankara a Ghana, da Sudan, da tuddan Habasha, da Ostareliya, da kuma Indiya, inda noman auduga a kanta ya sa Turawa suka yi mata laƙabi da baƙar ƙasar auduga. An ƙiyasta faɗinta a duniya duka ya kai hekta miliyan 335, kuma wajen hekta miliyan 200 daga ciki suna yankuna masu zafi ne.

Asalinta

Abu biyu ne suke haɗuwa kafin irin wannan ƙasa ta samu. Na farko, uwar ƙasar ta zama mai yawan sinadarin kalsiyam da maganiziyam, kamar baƙin dutsen aman wuta, ko dutsen farar ƙasa, ko kuwa lakar da ruwa ya kwantar a fili marar gangare. Na biyu, wurin ya zama yana da damina da rani sosai, domin ƙasar ta riƙa jiƙa tana bushewa. Ta Indiya daga dutsen aman wuta na tudun Dekan ta samu. Ta Borno kuwa laka ce da ta kwanta tun zamanin da Tafkin Chadi yake da girma ƙwarai, shekaru wajen 7,000 da suka wuce, sa'ad da gaɓarsa take kan tudun yashin nan da ya ratsa ta Bama da Maiduguri.

Dalilin Kumburi

Ba kowace laka ce ke kumbura ba. Lakar jar ƙasa, wadda ta fi yawa a kudancin Nijeriya, galibinta kawolin ce, ko ta jiƙa ko ta bushe girmanta ba ya sakewa sosai. Amma lakar firki ta wani jinsi ce da masana ke kira simektait, wanda mafi shahara a cikinsa ya samo sunansa daga garin Montmorillon na Faransa. Ƙwayoyinta falle-falle ne sirara, jere kamar takardun littafi, ido ba ya ganinsu. In ruwa ya zo sai ya kutsa tsakanin falle da falle ya buɗa su, ƙasar ta kumbura. In rani ya yi ruwan ya fita, sai fallayen su koma su matse, ƙasar ta tsuke ta dare.

Daga nan ne sauran halayenta suka taso. Da rani ɓarɓashin saman ƙasa yakan zuba cikin tsage-tsagen. In damina ta faɗi ƙasar ta tashi kumbura, sai ta tarar an cike mata wuri, don haka sai ta yi ta tura juna sama da gefe. Wanda ya haƙa rami a cikinta zai ga ɓaraguzai masu fuska mai santsi da sheƙi kamar an goge su, alamar inda wani sashe ya zame a kan wani ke nan. A wasu wurare saman filin yakan yi ɗan tudu da ɗan kwari jere da juna, abin da ake kira gilgai, daga harshen mutanen asali na Ostareliya. Saboda wannan juyi ne ba a ganin hawa-hawa na launi daban-daban a cikinta yadda ake gani a sauran ƙasa, har ake cewa tana nome kanta.

Baƙinta yakan ruɗi mutane su zaci cike take da taki. Alhali kuwa ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke cikinta kaɗan ne, sau da yawa ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Tana da ƙarfin riƙe abincin shuka da ruwa fiye da jigawa nesa ba kusa ba, amma takan yi ƙarancin naitirojin da fosfaras. Babbar wahalarta ita ce lokacin aiki. In ta bushe fartanya ba ta kama ta, in ta jiƙa garma ba ta fita daga cikinta, kwanakin da take da laushin noma tsakanin biyun kuwa ba su da yawa.

Yadda Masana Suka Kasa Ta

Manomin Hausa ya daɗe da bambanta jigawa da laka da marmara, ya san abin da kowace ke so. Masana kimiyyar ƙasa su ma abin da suke yi ke nan, sai dai su da awo suke yi. A tsarin Amurka, wanda aka fitar da daftarinsa a shekarar 1960 aka kuma buga shi cikakke a 1975, an ba wannan ƙasa aji nata na kanta mai suna Batisol, daga wata kalmar Latin mai ma'anar juyawa. Ita ce ɗaya daga cikin manyan azuzuwa 12 na tsarin a yau. Sharuɗɗanta uku ne: laka ta kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, a sami sashe mai kaurin santimita 25 ko fiye, mai waɗannan fuskoki masu santsi, a cikin mita ɗaya daga sama, sa'an nan ta riƙa darewa tana rufewa bisa sakewar yanayi.

An sake kasa ajin gida shida, galibi bisa tsawon lokacin da tsagar take zama a buɗe. Akwai ta wuraren da ke da ruwa kusan duk shekara, wadda tsagarta ba ta kai kwana 90 a buɗe. Akwai ta wuraren damina da rani, wadda ke buɗe kwana 90 ko fiye, amma ta rufe kwana 60 a jere ko fiye. Galibin ta Afirka da Indiya a nan take. Akwai ta gefen hamada, wadda ba ta samun kwana 60 a jere a rufe. Sauran ukun su ne ta wuraren da ruwa ke kwanciya, da ta wuraren da ake ruwan sama lokacin sanyi, da ta wurare masu tsananin sanyi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, a bayanin taswirarta ta 1974, ta launi ta raba ta gida biyu: baƙa ƙirin, wadda ta fi yawa a kwari, da mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ta fi yawa inda ruwa ke samun magudana. A 1998 aka maye gurbin wannan da sabon tsari na duniya, shi ma ya riƙe sunan Batisol. Amfanin wannan kasawa shi ne, kafin a kashe kwabo ɗaya, tana gaya wa manomi da injiniya tsawon lokacin da ƙasar za ta yi a jiƙe da wanda za ta yi a bushe.

Noma A Kan Firki

Manoman Borno sun sami hanyarsu tun da daɗewa, ita ce dawar masakwa. Sukan yi jinga a kewaye gona domin ruwan damina ya tsaya ya shiga ƙasa. Sukan yafa iri a wuri mai yashi wajen Agusta ko Satumba. In ruwa ya janye wajen Oktoba, sai su huda ƙasa da katon icce mai tsini, su zuba ɗan ruwa a ramin, su dasa. Daga nan dawar ba ta bukatar ruwan sama, da danshin da lakar ta ɓoye take rayuwa har girbi a Janairu ko Fabrairu. A Kamaru sunanta muskuwari, a Chadi kuwa berbere.

A Sudan, bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka kafa shirin ban ruwa na Jazira a kan irin wannan laka, wanda daga baya faɗinsa ya kai wajen hekta 880,000, kuma Hausawa da Fulani da yawa mazauna can sun yi aiki a gonakin audugarsa. Danƙon da ke wahalar da mai fartanya shi ne ya taimaki shirin, domin magudanan ba sa tsiyayar da ruwa ko da ba a shafe su da siminti ba. A Indiya, cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, da aka kafa kusa da Haidarabad a 1972, ta gwada faffaɗar kunya mai kwari a gefe, faɗinsu duka santimita 150, domin ruwan da ya yi yawa ya gangara a hankali, a iya shuka tun da damina.

Nijeriya ma ta gwada nata. An kafa Hukumar Raya Kwarin Tafkin Chadi a 1973, aka tsara ban ruwa na wajen hekta 67,000 a kan firkin yankin Marte, don noman alkama da shinkafa. Ƙasar ba ta gaza ba, ruwa ne ya gaza. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, ya janye ya bar bakin babbar magudana. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 kuma ya raba manoman Marte da Dikwa da Ngala masu yawa da gonakinsu.

Gini Da Hanya

Inda firki ya fi cin dukiya shi ne wajen gini. Da damina gefen gida yakan jiƙa ya tashi, tsakiya tana nan yadda take. Da rani gefen ya bushe ya sauka. Shekara biyu ko uku ana wannan, sai bango ya tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya fashe. Hanyar mota ma haka, kwalta takan tsage a tsawonta, ruwa ya shiga, ta rududduge. A 1973 wasu injiniyoyin Amurka biyu, Jones da Holtz, sun ƙiyasta ɓarnar da ƙasa mai kumburi ke yi a can ta wuce dala miliyan 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na ɓarnar ambaliya da guguwa da girgizar ƙasa a haɗe.

Maganin abin sananne ne ga masu sana'ar. Ana iya kwashe lakar a cike da marmara, ko a gauraya ta da farar ƙasa domin ƙarfin kumburinta ya ragu. Ana iya saukar da ginshiƙan harsashi har zurfin da danshi ba ya sakewa, dabarar da injiniyoyin Indiya suka ƙware a kai. Ana yin daɓe kewaye da gini, a kai ruwan indararo nesa, a kuma nisanta manyan itatuwa daga bango, domin saiwarsu tana tsotse danshin gefe ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan tana ƙara kuɗin aiki, amma ba ta kai kuɗin rushewa da sake gini ba.

Don haka nauyi yana kan ma'aikacin da takardar kwangilar makaranta ko asibiti ko hanya za ta bi ta teburinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In aikin a yankin baƙar laka yake, ya kamata kafin ya sa hannu ya nemi a nuna masa sakamakon awon ƙasar, ya kuma duba ko an sa kuɗin maganinta a cikin ƙiyasin.