Ido da Hannu a Waldar MIG

Ranar Alhamis idan kasuwar Maigatari ta cika, mai karatu ya dubi amalanken shanu masu shigowa da riɗi da gero daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Da wuya a ga wadda ba ta da tabon walda. Wani ɗinkin ya kwanta sumul kamar sawun maciji a rairayi, wani kuwa ya yi tudu da huje-huje, kuma irinsa ne ke ɓallewa a hanya da kaya a kai.

Yawancin masu walda a Gumel da kewayenta da sandar walda suke aiki. Waldar MIG, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar Battelle ta Amurka a 1948, daban take. Inji ne ke turo siririyar waya ba yankewa, wutar lantarki tana narkar da ita, yayin da iskar gas ke fitowa ta bakin na'urar tana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iskar duniya ta taɓa shi. Ga ƙarfe na yau da kullum akan haɗa agon kashi 75 da kabon-dayokzaid kashi 25.

To, ina matsalar? Ɗan koyo tartsatsi yake kallo. Gwani kuwa idonsa na kan ɗan tafkin narkakken ƙarfe, musamman bakinsa na gaba, domin a nan ake gane ko ɓangarorin biyu sun narke sun haɗu. Wanda bai ga tafkin nan ba, lalube yake yi. Gilashin garkuwar fuska lamba gare shi: 10 zuwa 13 suka dace da wannan aiki. Idan ya cika duhu, layin ɗinki ya ɓace. Idan ya gaza duhu, ido ya wahala. Sau da yawa ma laifin na farin gilashin waje ne da hayaƙi da ƙura suka dusashe, abin da sauya shi bai kai kuɗin abincin rana ba. Hasken rana da ke shigowa ta bayan kai shi ma yana hana gani, sai a yafa ƙyallen auduga mai kauri a ƙeya. Wanda ya haura shekara 40 kuma kada ya ji kunyar sa gilashin ƙara girma a ciki.

Tabaran baƙi na kasuwa ba kariya ba ne. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, zafin kuma ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi.

Batun hannu kuwa, a kankare tsatsa da fenti tukuna. A bar wayar ta leƙo kimanin milimita 10, a karkata na'urar digiri 10 zuwa 15, a riƙe da hannu biyu, a kuma kauda kai gefe kaɗan don kada bakinta ya tare gani. Idan ƙarar ta yi daidai, za a ji ta kamar suyar ƙosai a mai.

Sai babban abokin gaba a ƙasar Gumel, wato iskar hunturu. Iskar da ta wuce gudun kilomita 8 a awa tana kwashe gas ɗin, ɗinki ya cika da ƙananan ramuka. Buɗe gas fiye da kima ba magani ba ne, hasara ce kawai, har yakan jawo iska cikin tafkin. A kafa shingen kwano ta arewa maso gabas, inda hunturu ke busowa, amma a bar sama a buɗe don hayaƙi ya fice.