Ɓawon Ƙwan Shaho Ne Ya Tona Asirin DDT

A shekarun 1950 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka riƙa tarar da fasassun ƙwai a sheƙar wani nau'in shaho mai farautar tantabaru. Masanin halittu Derek Ratcliffe ya bi gidajen adana kayan tarihi yana auna ɓawon ƙwan da aka tara shekaru da dama. A 1967 ya bayyana cewa daga wajajen 1947 ɓawon ya rage kauri da kusan kashi 20 cikin 100, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu. Uwa na kwanciya, ƙwai na fashewa.

To me ya haɗa shaho da feshin gona? DDT ba ya narkewa a ruwa, kitse yake bi ya maƙale. Ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwarin da aka fesa wa, shaho kuwa ya ci ɗaruruwan irin wannan tsuntsu, duk abin da suka tara ya dawo jikinsa. A can maganin ke rikiɗa zuwa DDE, wanda ke hana ɓawo samun sinadarin kalsiyam yadda ya kamata.

Shi ya sa gwajin ruwa kaɗai ke yaudara. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya, inda aka fara zuba DDD, ɗan uwan DDT, a 1949, maganin da ke cikin ruwan bai wuce kashi 0.02 cikin miliyan ba, amma a kitsen tsuntsayen da ke cin kifinsa an sami har kashi 1,600.

Gwada mafaraucin ma bai wadatar ba. Yana daɗewa a duniya, yana yawo nesa, don haka jikinsa na nuna akwai guba amma ba ya faɗin inda ta fito. Abincinsa ne ke nuna wurin. Saboda haka gidan tarihin halittu na Stockholm ke ajiye kifin Tekun Baltik tare da ƙwan mikiya a firiza, domin idan an gano sabon sinadari a koma a duba yaushe ya fara shiga.

Aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri, kuma babu ɗan siyasar da zai yanka kintinkiri a gaban firizar matattun kifi. Amma a Najeriya, inda aka daɗe ana kuka da masuntan da ke zuba maganin ƙwari na Gamalin a kogi, ya kamata a riƙa gwada manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, irin su giwan ruwa, tunda daga koma sai tukunya.