Zama Da Mota Mai Inji Biyu

Tun 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan, motar da ta haɗa injin fetur da na lantarki. Irin wannan ba a jona ta da wuta. Injinta da taka birki ke cika batir. A cunkoson gari injin fetur kan mutu da kansa, abin da ke rage wa ma'aikaci kuɗin mai, musamman tun janye tallafi a Nijeriya cikin 2023.

Amma batirin ba ya son zafi da ƙura, sai a riƙa share kafar iskarsa. Wutarsa ta haura volt 200. Ƙwararre kaɗai zai taɓa. A kula da yara, domin ba a jin ƙararta in tana tafiya sannu.