Gigin Tsufa da Jinin da Ba a Auna Ba

A Dingyadi, kamar sauran garuruwan Bodinga da Shagari, idan dattijuwa ta fara mance sunayen jikokinta, ko ta ɓace a hanyar da ta shekara 40 tana bi, sai a ce gigin tsufa ne. A wani gidan ma a ce sammu ne ko iskokai. Da wuya a kai ta asibitin koyarwa na Sakkwato ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, balle a auna jininta.

Masu binciken ƙwayoyin gado su ma sun daɗe ba su waiwayo Afirka ba. Kuɗi da na'urori suna Turai da Amurka, don haka jinin Turawa aka fi aunawa. 'Yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan binciken a kansu ba. Abin da ya fara juya akalar masana shi ne aikin da aka soma a 1992, aka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis na Amurka. Sakamakon 2001 ya nuna cutar Alzheimer, mai jawo gigin tsufa, tana kama kashi 1.15 cikin 100 na tsofaffin Ibadan a shekara, a Indiyanafolis kuwa 2.52. Ƙwayar APOE4, mai ƙara wa Turawa haɗarin cutar ƙwarai, ba ta da irin wannan ƙarfin a jikin Yarbawa. A 2023 kuma Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka gano wani sauyi a ƙwayar GBA1 mai ƙara haɗarin cutar Parkinson, wanda kusan sai a jinin 'yan asalin Afirka ake samunsa.

Arewa ma tana da nata. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila kan sinadarin tau da ke cunkushewa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. A 2021 ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, inda matasa ke koyon binciken a gida.

Sai dai yawancin abin da aka sani game da Najeriya daga kudu maso yamma ya fito. Babu nahiyar da mutanenta suka bambanta a gado kamar Afirka, saboda haka sakamakon Ibadan ba zai tsaya wa Bahaushe, Bafulatani ko Bazabarme ba, musamman a yankin da auren zumunci ya yawaita. Ga kuma batun amana: gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaran Kano a 1996 ya sa har yau mutane suna ɗari-ɗari da ba da jini.

Ya kamata masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo su fito zuwa Dingyadi, su zauna da hakimai da limamai, su yi wa iyalai bayani da Hausa kafin su nemi jinin kowa.