Feda Mai Kama Takalmi da Shimfiɗaɗɗiya: Wacce Ta Dace da Mai Keke a Bauchi?

Feda, wato matakin da mai keke yake ɗora ƙafa a kai domin juya sarƙa, manyan ire-irenta biyu ne a yau. Akwai shimfiɗaɗɗiya, irin wadda ake gani a jikin kekunan Raleigh da Phoenix masu kai da komo tsakanin Wunti da kasuwar Muda Lawal, akwai kuma mai kama takalmi, wadda take aiki da wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaurewa da noti a ƙarƙashin takalmi na musamman, ta yadda da zarar an taka sai ya shige ya kulle, ba ya kuma saki sai an murɗa diddige waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta daga 1984, ta kuma karɓu bayan Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France da ita a 1985. Shimano na Japan ya biyo baya da samfurin SPD a 1990.

Amfaninta ga ɗan tsere ba ɓoyayye ba ne, domin ƙafa ba ta zamewa ko da ruwa ko gargada, kuma wajen fizgar gudu ko hawan tudu irin na hanyar Jos mahayi yana zuba ƙarfinsa gaba ɗaya ba tare da fargaba ba. A tafiya ta yau da kullum kuwa ratar kaɗan ce, tunda yawancin ƙarfin daga danna feda ƙasa yake fitowa.

Cikin garin Bauchi lissafin ya sha bamban. Mai keken da Keke Napep zai iya shan gabansa a kowane shatale-tale yana bukatar ƙafarsa ta isa ƙasa nan take, alhali sabon shiga kan manta da murɗa diddige, ya faɗi tare da keken a tsaye. Laka da yashi suna cushe makullin, takalmin yana da tsada da wahalar tafiya a ƙasa, balle ga mutumin da zai tuɓe shi a ƙofar masallaci sau biyar a yini, mai gyaran keke na bakin titi kuma da wuya ya ajiye kayan gyaran irin wannan feda. Shimfiɗaɗɗiya ta karɓi silifas, ta karɓi sau-ciki. Aibinta shi ne idan robarta ta suɗe ƙafa kan suɓuce a damina, fedar ta daki ƙwauri, abin da ake magancewa da sayen mai haƙoran ƙarfe.