Kare ɗan gata a ƙasar ƙarangiya

A rugagen da ke tsakanin Ka'oje da Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, babu mai tambayar asalin kare. Abin da ake so a sani shi ne yana haushi da dare, yana bin garke, kuma zai iya tayar da zomo idan mafarauta sun fita da rani. Siriri ne mai gajeren gashi, ragowar tuwo ta ishe shi. Shi ya sa mutumin nan yakan yi dariya idan aka nuna masa a waya wani ɗan dunƙulen gashi, aka ce wai shi ma kare ne, kuma a Turai kuɗinsa zai sayi bijimi.

Waɗannan ƙananan karnuka ruwa-biyu ne da aka haɗa da gangan. Maltipoo ɗan Maltese ne da ƙaramin Poodle, nauyinsa daga kilo 2 zuwa 9. Cavapoo kuwa Cavalier ne da Poodle. Yayin ya kankama ne bayan 1989, lokacin da Wally Conron, ma'aikacin wata ƙungiyar horar da karnukan jagorancin makafi a Ostareliya, ya haɗa Labrador da Poodle saboda wata makauniya a Hawaii wadda jikin mijinta ba ya jituwa da gashin kare. Cikin 'yan kwikwiyo uku, ɗaya kaɗai ya dace. A 2019 Conron ya fito fili ya ce yana nadamar ƙofar da ya buɗe wa masu barbarar neman kuɗi.

Masu talla suna cewa ruwa-biyu ya fi iyayensa lafiya. Binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2024 bai goyi bayansu ba: a kusan kashi 87 cikin 100 na cututtukan da aka kwatanta, babu bambanci. Ɗan kan gaji gocewar ƙoƙon gwiwa, ko ciwon zuciyar da aka san Cavalier da shi, ga ƙaramin baki da haƙora suka cunkushe, sai an riƙa goge su.

Halinsa dai mai daɗi ne. Yana da saurin koyo da son wasa da yara, sai dai ba ya jure kaɗaici, in an bar shi ya yini yana kuka. A gari irin Bagudo ajiye irin wannan kare ma tambaya ce, domin fiƙihun Malikiyya bai ɗauki jikin kare najasa ba, amma abin da malamai suka yarje shi ne ajiye shi don farauta ko kiwo ko gadin gona. Wannan kuwa ɗaki yake nema.

Babbar jarabawa ita ce bazara. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a kwarin kogin Neja, kare kuma ba ya zufa sai ta tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jiki. Mai gashi cunkus zai iya sheƙawa a rana ɗaya idan babu inuwa da ruwa. Gashin ba ya zuba sosai, tsawo yake yi yana cukurkuɗewa, don haka sai taza kusan kullum da aski duk mako 6 zuwa 8. Da kaka, fita ɗaya bayan gari ta isa ƙarangiya ta cika shi. A ƙarƙashin gashin nan ne kaska ke ɓuya, ita kuma ke kawo cutar da ke shanye jini. Kunnuwansa masu faɗowa suna riƙe danshi, su yi ɗoyi.

Ga kuma abinci. Miyar gidanmu ba ta rasa albasa, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ƙaramin jiki ba ya buƙatar da yawa. Goro da cakulan ma guba ne gare shi. Kwikwiyon irin nan kan sume idan ya daɗe bai ci ba, saboda sukarin jininsa na saurin sauka, sai a raba masa abinci sau uku ko huɗu a yini.

Rigakafi yana farawa daga mako 6 zuwa 8, na ciwon haukan kare kuma a wata uku. Wannan na ƙarshe ya shafi kowane kare, domin karnukan makiyaya suna bin shanu suna tsallaka iyaka tsakanin Tsamiya da Segbana, ko Lolo da ɓangaren Malanbil, ba tare da wata takarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa allurar karnuka. Wanda kare ya ciza, ƙarami ko babba, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.